Darasin Gyaran Muhalli: Yadda Za Ku Ɗaura Silin a Barandar Gidan Haya

Duk iyalin da ya kama ɗaki ɗaya a gidan haya a kewayen Race Course, ko Bantama, ko can Aboabo da Asawase, ya san baranda ita ce rabin gida. A nan uwargida take girki, a nan yara suke bitar karatu, a nan kuma ake shimfiɗa wa baƙo tabarma tunda babu zaure. Sai dai da rana ta take, kwanon da ke sama yakan koma kamar kaskon tuya. Zafin jikin kwano a tsakar rana yana iya wuce digiri 60, kuma kai tsaye yake sauko wa wanda ke zaune a ƙasa. Tsofaffi, masu juna biyu da jarirai su suka fi jin jiki. Idan aka tsuge da ruwa, ƙara ta hana a ji magana. Da asuba kuma raɓa ta taru a cikin kwanon tana ɗiga kan kayan abinci, ta haɗo da tsatsa.

Waɗanda suka fito daga arewa sun saba da rufin azara da ƙasa, wanda ke riƙe sanyi da kansa. Kumasi ƙasar ruwa ce, damina biyu take yi a shekara, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, shi ya sa kwano ya zama rufin kowa. Maganin zafinsa shi ne silin. Mutum biyu masu haƙuri suna iya ɗaura shi a baranda cikin kwana biyu ko uku. Wannan darasi zai nuna yadda za a yi shi da kyau, kuma a yi shi yadda za a iya kwancewa, domin mai zaman haya bai san ranar tashi ba.

Ku fara da mai gidan

Kada ku sayi ko ƙusa ɗaya kafin ku zauna da mai gidan. Dokar haya ta Gana ta 1963 ta hana a karɓi kuɗin gaba fiye da na wata 6, amma kowa ya ga yadda a aikace ake neman na shekara ɗaya ko biyu. Iyalin da ya riga ya zuba irin wannan kuɗi bai kamata ya ƙara wata asara a kai ba. Abin da aka kafe a jikin gini, yawancin masu gida suna ɗaukarsa ya zama nasu, wasu ma da sun ga baranda ta yi kyau sai su ƙara kuɗin ɗaki.

Ku yi masa tambaya uku a fili. Ya yarda a yi aikin? Zai rage kuɗin kayan daga haya? Idan ba zai rage ba, ya yarda ku kwance kayanku ranar da za ku tashi? Duk abin da ya amsa, a rubuta a takarda, shi ya sa hannu, ku sa hannu, shaidu biyu su sa, misali limamin unguwa da wani dattijo cikin 'yan haya. Ku ɗauki hoton takardar a waya, domin takarda tana jiƙewa, tana ɓata. Idan rigima ta taso daga baya, wannan takarda ce za ku nuna a ofishin kula da haya, wanda ake kira Rent Control. Ku kuma sanar da maƙwabcin da kuke raba baranda da shi, kada ya wayi gari ya ga katako a ƙofarsa.

Ku duba rufin tukuna

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rufe kwano mai yoyo da silin. Yoyon bai tafi ba, ɓoye shi kawai aka yi. Ruwa zai riƙa taruwa a bayan filawud har ya kumbura, ya yi baƙi, wata rana ya rufto kan mutane. Na taɓa ganin silin da bai cika damina biyu ba ya faɗo cikin tukunyar miya. Allah ya kiyaye ba yaro a wurin.

Lokacin neman yoyo shi ne lokacin da ake ruwa. Ku tsaya a barandar, duk inda kuka ga ɗigo ku zagaye shi da alli ko gawayi. Da rana kuma ku ɗaga kai, duk inda haske ya ɓullo huda ce. Ƙaramar huda ana liƙe ta daga sama da kwalta ko da tef ɗin rufi mai kwalta a jiki, bayan an goge wurin ya bushe. Ƙusar da ta saki a cire ta, a sa sabuwa mai hula, kuma a kan tudun kwano ake buga ta, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Ku kula sosai da inda kwanon baranda ya haɗu da bangon ɗaki, nan ne ruwa ya fi shiga.

Sannan ku soki kowane katakon rufi da bakin sukurudireba. Idan ya nutse cikin sauƙi, ko gari ya zubo, gara ko ƙwaro sun cinye cikinsa, kuma ba zai ɗauki nauyin silin ba. A canza shi, ko a haɗa masa sabo a gefe. Ku tabbatar kuma rufin a ɗaure yake da ginshiƙai da bango, da waya ko da ƙarfe, domin guguwar farkon damina baranda take fara ɗagawa.

Gargaɗi guda: wasu tsofaffin gidaje an rufe su da faranti mai launin toka, mai kauri kamar siminti, wanda ake kira asbestos. Ƙurarsa tana jawo mummunan ciwon huhu da sankara bayan shekaru. Idan irinsa ne a kanku, kada ku yanka, kada ku huda, kada ku kankare, kada kuma ku hau kansa, yana fashewa ba shiri.

Wata mafi dacewa da aikin shi ne tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da sama ta ɗauke.

Da me za a yi shi?

Filawud mai kaurin kwatan inci, wato milimita 6, shi na fi ba da shawara. Yana da sauƙin yanka, yana karɓar fenti, idan an kwance shi kuma ana iya yin kanta ko ƙofa da shi. Aibinsa ba ya son ruwa.

Silin ɗin roba, wanda a shagunan Kumasi ake kira T&G saboda kowane falle yana shiga cikin bakin ɗan'uwansa, ba ya ruɓewa, ba ya son fenti, gara ba ta cinsa, kuma ba shi da nauyi. Amma zafi yana lanƙwasa shi, idan wuta ta kama kuma yana narkewa ya fitar da hayaƙi mai guba. Barandar da ake hura kurfoti a cikinta kullum ba wurinsa ba ne.

POP ku bar wa masu gidan kansu. Yana da nauyi, sai gwani, kuma ba ya kwantuwa.

Wanda ba shi da hali yana iya shimfiɗa zana ko tabarmar kaba a kan ragar katako iri ɗaya da wadda za mu bayyana. Tana tare zafi ƙwarai, kakanninmu ma da ita suka yi. Sai dai tana tara ƙura da ƙwari, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Kwali da buhun leda kuwa kada ma a fara.

Katakon raga shi ne tu-bai-tu, wato inci 2 kowane gefe. Wawa shi ne mai araha a Kumasi, mara nauyi, mai daɗin aiki, amma ƙwari suna sonsa, dole a shafa masa magani. Odum ba ya jin gara, sai dai tsada da tauri. Babbar kasuwar katako tana Sokoban, inda aka mayar da masu aikin katako daga Anloga, amma don ƙaramin aiki irin wannan kuɗin mota zai iya cinye rangwamen, don haka ku fara tambaya a rumfunan katako na kusa. Ku ɗaga kowane katako ku hango shi daga baki ɗaya kamar mai saita bindiga, karkatacce ku ajiye. Ɗanyen katako ya fi nauyi kuma yana da sanyi a hannu. Idan shi kuka samu, ku jera shi a inuwa da 'yan tsinke a tsakani na mako biyu, in ba haka ba zai murɗe bayan an ɗaura.

Maganin katako irin su Solignum a shafa shi a fili, da safar hannu, nesa da yara da abinci, a bari ya sha iska kwana biyu ko uku. Wasu suna shafa baƙin man inji don araha. Ban yarda da shi a saman wurin girki ba: yana wari, yana ɓata filawud, yana kuma taimakon wuta.

Lissafi

Mu ɗauki baranda mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 6. Fallen filawud ƙafa 8 ne da ƙafa 4. Idan aka rage ƙafa 2 daga tsawon kowane falle, ya koma 6 da 4, uku a jere sun rufe ƙafa 12 daidai. Ke nan falle 3 za ku saya. Guntayen da suka rage kada a yar, suna da aiki a gaba.

Ragar katako kuwa gidajenta ƙafa 2 ne kowane gefe. Kewaye zai ci ƙafa 36. Dogaye biyu a tsakiya ƙafa 24. Layuka biyar na gicciye ƙafa 30. Jimla ƙafa 90, a ƙara kamar 10 na marataya, ya zama 100. Idan katakon mai ƙafa 12 ne, guda 9 sun isa. Sai siraran katako na rufe mahaɗa da gefe, kamar ƙafa 50, sukuru mai tsawon inci 1 kamar 150, ƙusa mai inci 3 kilo 1, ƙusar kankare kaɗan, guntun ragar waya, da fenti ƙaramin gwangwani. Ba mu sa farashi ba saboda yana canzawa, ku tambayi shago uku kafin ku biya.

Kayan aiki: tef na awo, zarto, guduma, sukurudireba, zare, fensir, tsani ko benci mai ƙarfi, da farin tiyo siriri wanda ake ganin cikinsa, kamar ƙafa 20. Yawancinsu ana samun aro wurin kafinta ko magini a unguwa. Iyali uku ko huɗu a gida ɗaya suna iya haɗa kuɗin ɗauko kaya, su yi barandunsu bi da bi kamar gayya.

Aikin kansa

Da farko a yanke tsayi. Daga daɓe zuwa silin ƙafa 8 ya fi, kada dai ya gaza 7 da rabi, in ba haka ba wurin zai matse, hayaƙi ya rasa hanya. Tsakanin silin da kwano kuma a bar sarari aƙalla inci 4 a wuri mafi ƙunci. Wannan sarari shi ne sirrin aikin. Filawud da aka manna a jikin kwano zafi zai ɗauka ya miƙo muku. Idan rufin ya yi ƙasa sosai, ku bar silin ya bi gangaren rufin maimakon ya kwanta miƙe.

Kada ku auna tsayi daga daɓe a kowace kusurwa, daɓen baranda ba ya taɓa zama daidai. Ku cika tiyo da ruwa, ku fitar da kumfar iska, mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a jikin alamar farko, ɗayan ya kai ɗaya bakin kusurwa ta gaba. Inda ruwa ya tsaya a bakin biyu, tsayinsu ɗaya ne. Magina da haka suke aiki tun kafin zuwan injuna. A sa alama a kusurwa huɗu, a ja zare. Sannan ku saukar da gefen waje da inci 1, domin idan wata rana ruwa ya shiga, ya gangara waje maimakon ya bi bangon ɗaki.

A kafa katakon kewaye a kan layin. A bangon bulo ƙusar kankare ce, kowace ƙafa 2. Kafin ku buga, ku duba ko akwai makunni ko soket a ƙasan wurin, domin waya takan hau miƙe a cikin bango daga nan. Idan bangon na ƙasa ne ko na katako, kada ku dogara da shi, ku rataye komai daga katakon rufi.

Sai dogayen biyu, sai guntayen gicciye a tsakaninsu. Ku tabbatar tsakiyar gicciye ta faɗo daidai ƙafa 4 da ƙafa 8 daga bango, domin nan ne bakin falle biyu za su haɗu, kowanne ya sami rabin katako ya kama. Wanda ya kuskure wannan awo zai ga bakin filawud yana lilo a iska.

Marataya su ne guntayen katako da ke saukowa daga katakon rufi su riƙe ragar, kamar kowace ƙafa 4. A nan ku natsu. Ta gefe ake buga ƙusarsu, ta ratsa maratayi ta shiga katakon rufi a kwance. Ƙusar da aka buga daga ƙasa zuwa sama nauyi yana zare ta a hankali, wadda aka buga a kwance kuwa sai ta karye kafin ta saki. Biyu a sama, biyu a ƙasa. Idan kun gama, ku kama ragar ku jijjiga da ƙarfi. In ta yi motsi, a ƙara maratayi.

Kafin ɗaga filawud, a shafa masa fenti gaba da baya da bakunansa, ya bushe. Bayan da bakin su ne suke shan danshi, kuma da an ɗaura ba za ku sake kai musu ba. Farin fenti ya fi, yana ƙara wa baranda haske.

Ɗaga falle sama aikin mutum biyu ne, na uku kuma gwafa: dogon katako da aka gicciya wa guntu a kai, a tokare fallen da shi. A fara ɗaure sukuru daga tsakiya a nufi gefe, don kada ciki ya yi tumbi. A gefe kowane inci 6, a tsakiya kowace ƙafa 1. Tsakanin falle da falle a bar rata kamar kaurin ƙusa, saboda katako yana buɗewa da damina. Siririn katako zai rufe ratar, shi ma da sukuru.

Me ya sa sukuru, alhali ƙusa ta fi araha da sauri? Domin filawud da aka buga da ƙusa ba ya fita sai a yage. Na sukuru kuwa cikin awa biyu an kwance shi lafiya lau. Idan ɗaure 150 da hannu ya yi yawa, ku fara huda wurin da siririyar ƙusa, ko ku ɗauki hayar injin ɗaurewa na yini ɗaya.

Wanda ke kan tsani kada ya miƙa jiki gefe, ya sauko ya matsar da shi. Kada a ɗora kujera kan tebur. Yara su koma ɗaki ko maƙwabta har a tsince ƙusa ta ƙarshe, kuma wanda ƙusa mai tsatsa ta soka ya wanke da sabulu ya je asibiti ranar, saboda sarƙewar haƙora.

Iska ta shiga, ɓera kada ya shiga

Idan aka toshe sararin da ke tsakanin kwano da silin ta ko'ina, zafi zai taru a ciki ya dafa katakon, danshi kuma ya ruɓar da shi. A bar kafar iska a gefe biyu masu fuskantar juna, kowace kamar tafin hannu biyu, a rufe ta da ragar waya mai ƙananan ido. Ragar leda ɓera yana cinye ta cikin dare ɗaya. Duk wata kafa da ta rage, har da bakin tudun kwano, a toshe ta da ragar.

Wannan ba don ƙarar ɓera da dare kawai ba ne. Kusa da kasuwa irin Race Course, inda ake sauke kayan abinci kullum, ɓeraye ba su da iyaka, kuma fitsarinsu da kashinsu suna yaɗa cututtuka, ciki har da zazzaɓin Lassa, wanda aka samu a Accra a 2023. Idan kun tarar da kashin ɓera ko na jemage a kan katakon rufi, kada ku share shi a bushe. Ku rufe hanci da baki, ku yayyafa ruwa mai bilic, ku kwashe da tsumma, ku wanke hannu.

Daga guntun filawud da ya rage a yi ƙaramar ƙofa mai ƙafa 2 kowane gefe a kusurwa ɗaya, wadda ke ɗaguwa sama. Ta nan za ku riƙa leƙawa da tocila farkon kowace damina. Ba rumbu ba ne: kada a ajiye akwati ko buhun masara a sama.

Lantarki da girki

Wutar gida a Gana bolt 230 ce, tana kisa. A kashe ta daga babban makunni kafin a taɓa kowace waya, a kuma gaya wa mutanen gida kada wani ya kunna. Wayar da za ta bi saman silin ta shiga cikin bututun roba, kuma kada a bar mahaɗin da aka naɗe da tef ko leda a can sama, inda ba mai ganinsa idan ya fara zafi. Wannan ɓangare ku ba wa mai gyaran wuta da ke da lasisin Hukumar Makamashi ta Gana, ku nemi ganin katinsa. Ƙwai kuma a sa LED, wanda ba ya zafi sosai. Fanka ba a rataye ta a jikin filawud, sai a katako mai kauri da aka kafe a rufi.

Mutanen Kumasi sun san gobara, kamar ta kasuwar Kejetia a watan Maris na 2023. A gidan da ɗakuna goma suke ƙarƙashin rufi ɗaya, wutar da ta kama silin ɗin baranda ɗaya ta sami hanyar zuwa sauran. Uwargida ta jawo kurfoti ko risho zuwa bakin baranda, inda hayaƙi zai fita, kada ta bar mai a kan wuta ta shiga ɗaki. A ajiye bokitin yashi kusa. Idan saman wurin girki ya fara baƙi ko fenti ya fara tashi, zafi yana kai masa, sai a matsar da murhu ko a liƙa guntun kwano a wurin da ɗan sarari a bayansa. Lambar 'yan kwana-kwana 192 ce, ko 112, ku koya wa yaran da suka yi wayo.

Kafin ku ɗaura kowane falle, ku rubuta masa lamba a baya, 1, 2, 3, da kibiya mai nuna ɓangaren bango, ku kuma ɗauki hoton ragar kafin a rufe ta. Kan sukuru kada a cike shi da fenti mai kauri, in ba haka ba sukurudireba ba zai kama ba ranar kwancewa. Rasiɗin kayan ku haɗa shi da takardar da mai gidan ya sa wa hannu, ku sa a leda ɗaya da sauran takardunku.